Kunun Mai Jifa

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, muna haya ne a ɗakin ƙasa na wani gida a Largo, wani gari a nan ƙasar waje. Mai gidan tsohuwa ce baƙar fata, 'yar ƙasar nan, mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya kama gabansa. Maman sama nake ce mata, don ita tana sama mu muna ƙasa. Kicin ɗaya muke shiga, firiza ɗaya muke buɗewa. Duk shekara idan sanyi ya wuce takan ba ɗan wasa ɗaya ɗaki, cikin samarin da ke buga besbol a wani ƙaramin kulob da ke kusa da mu. Ta ce ba sa iya kama gidan kansu, don ana iya ɗauke mutum yau a kai shi wani gari gobe.

Na waccan shekarar ɗan Ostireliya ne. Dogo, mai jan gashi, ƙeyarsa kullum a ƙone da rana. Maigidana, wanda ke aikin gadi a asibiti, shi ya yi mini bayanin wasan. Ya ce mutum ɗaya zai tsaya kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani ya tsaya da gora yana neman ya doke ta. To shi wannan mai jifan ne. Ya ce kulob-kulob ɗin hawa-hawa suke kamar azuzuwan makaranta, kuma yaron ya yi shekaru yana hawa yana saukowa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, bai kai ajin manya ba. Idan wasa ya ƙare a nan lokacin shigowar sanyi, sai ya tafi gida, can kuma lokacin zafi ke farawa, sai ya ci gaba da jifa. Na tuna na ce wa maigidana, to hannun nan yaushe yake hutawa? Ya ce ni da ba hannuna ba, mene ne nawa.

Turancina kaɗan ne, nasa kuma kamar yana tauna goro yake yinsa. Duk da haka na gane abin da yake nema a duniya, don bai ɓoye wa kowa ba. A jikin firiza ya manna hotonsa tun yana matashi, sanye da riga kore da ruwan ɗorawa, rigar ƙasarsu. Ya taɓa buga wa ƙasar wasa a ajin matasa. Yanzu kuma manyan sun kira shi, sun ce idan ya ƙare kakar wasan nan lafiya, yana cikin waɗanda za su je gasar ƙasashe a ƙarshen shekara. Ya ce babansa direban babbar mota ne, bai taɓa fita ƙasar ba, amma ya yi fasfo saboda wannan gasa. Duk sanda ya faɗi wannan sai ya taɓa hoton da yatsa.

Akwai abin da na gani tun ina da ciki, ban ba shi muhimmanci ba a lokacin. Wata rana ya tashi da mura, Maman sama ta miƙa masa maganin mura irin wanda kowa ke saya a kanti. Bai sha ba. Ya ɗauki hoton kwalin da wayarsa, ya tura wa likitan kulob, ya zauna yana jan hanci har aka ba shi amsa. Maman sama ta ce mini haka suke. Akwai masu zuwa ba sanarwa su karɓi fitsarin 'yan wasa a kai awo. Idan aka samu ƙwayar da aka haramta a jikin mutum, ba a tambayar ko ya sani ko bai sani ba. Dakatar da shi za a yi, a buga sunansa, kuma rigar ƙasa sai dai ya gan ta a jikin wani.

Na haihu a tsakiyar zafi, surukata ta zo daga Kano don wankan jego. Inna mace ce mai kuzari, ba ta iya zama. A babbar tukunyar Maman sama take tafasa ruwa, ta sauko da shi bokiti-bokiti. Ranar da ta kunna turaren wuta ƙararrawar hayaƙi ta tashi, ni na rungume jaririya ina kuka, ita kuwa tana yi wa silin faɗa. Ni mutum ce mai tsoro, na sani. A kwanakin nan ko barci yarinyar take sai na kai yatsa hancinta. Komai na ƙasar nan gani nake zai iya kawo 'yan sanda ƙofarmu.

Inna da mai jifa kuwa jininsu ya haɗu tun ranar farko. Da maigidana ya gaya mata sana'arsa, sai ta riƙe baki.

"Ƙato da shi, aikinsa jifa? Ka gaya masa a unguwarmu yaron da ke jifa duka yake sha."

Aka fassara masa, ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce a gaya mata shi ma yana shan dukan, sai dai ƙwallonsa ake duka. Daga ranar ta sa masa suna angona. "Angona ya tashi? Angona ya karya?" Shi kuma ya koyi cewa ina kwana, yana faɗa ko da yamma. Ta ba shi kunun gyaɗa ya ɗanɗana, ya ce a ƙara. Ba ya zuwa filin wasa sai bayan azahar, saboda haka duk hantsi yana kicin, kofinsa na gabansa.

Firizar nan rabinta ƙanƙara ce tasa, a leda-leda. Sai na ɗaga su kafin in kai ga kifina. Da farko bayan wasa kawai yake ɗora ta a hannu. Daga baya na ga har da safe yana ɗaure ta a gwiwar hannun dama. Na ga ya koma ɗaukar kofi da hagu. Na ga idan zai buɗe kwalba sai ya matse ta a hammata. Idan Maman sama ta shigo sai ya janyo hannun riga ya rufe. Inna ma ta gani.

"Sanyi ya kama ƙashi, kuma ana ƙara masa ƙanƙara," in ji ta. "Mutanen nan da iliminsu. Ciwon gaɓa ai gashi yake so."

Bayan 'yan kwanaki sai ƙanƙarar safe ta ragu. Ya dawo ɗaukar kofi da dama. Wata safiya ya shigo yana fito, ya ce wa Maman sama jiya jifansa ya fi na duk shekarar gudu, har kocinsu ya yaba. Inna ta yi murmushi ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Ranar da na gane, ƙishirwa ce ta hau da ni kicin. Na ga kunu a ƙaramin jug, na ɗauka zan zuba, sai Inna ta riƙe mini hannu.

"A'a, wannan ba na mai shayarwa ba ne. Naki na filas. Wannan na angona ne."

Na duba. Nasa ya fi nawa duhu, da wani gari-gari a gefen jug ɗin. Sai hoton kwalin maganin mura ya faɗo mini a rai. Na ajiye jug ɗin. Ta yaya zan tambaye ta? Ni ko sunan Inna ban taɓa kamawa ba, ko ido ba na haɗawa da ita, balle in tsaya in ce me kika zuba.

Na jira maigidana ya dawo daga aiki da safe, na bar shi ya yi wanka, sannan na gaya masa a hankali. Ya zauna bakin gado ya dafe kai. Ya ce in dai kayan ƙamshi ne da sassaƙe, da sauƙi. Amma Inna tana da wani mai magani a tasha can Kano, mai lasifika, wanda take saya wa gwiwoyinta gari a wurinsa. Ya ce irin waɗannan wasunsu ƙwayoyin bature suke dakawa su cuɗa a ciki, shi ya sa ka sha yau gobe ka ji garau.

Ya je ya same ta tana shanya kayan jaririya. Ina jin su daga ɗaki.

"Inna, kunun nan da ake ba yaron nan, akwai wani abu ne a ciki?"

"Wani abu kamar me?"

"Magani nake nufi. Kin san su ana auna su."

"Au. Guba na ba shi ke nan."

"Inna, ni ban ce haka ba."

"Na haife ka, na raine ka da magungunan nan, ga ka nan da ƙafafunka. Yau ni ake tsarewa da tambaya kamar mai sammu. To madalla. Ka nemo mini jirgi."

Daga nan ta rufe baki. Ta janyo jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kaya. Ruwan wanka ma da ta kawo mini ranar, ajiyewa ta yi ta juya.

A lokacin kulob ɗin ya yi tafiya wani gari, sun yi kwanaki. Ranar da suka dawo ina kicin ina wanke kwalaben madara, ya shigo da jakarsa ya ce ina kwana, alhali la'asar ta yi. Yana buɗe firiza yake ba Maman sama labari cikin raha, ya ce jiya masu karɓar fitsari sun zo, sun zaɓe shi, ya sha ruwa har cikinsa ya kumbura kafin ya iya ba su. Wannan kam na ji shi sarai. Kwalba ta suɓuce mini ta faɗa cikin ruwa.

Maigidana ya ce mu yi shiru. Ba don mugunta ba, tsoro ne irin nawa, shi dai ya fi iya ɓoyewa. Ya ce idan ba a samu komai ba shi ke nan, idan kuma aka samu, wa zai ce daga kunu ne? Ya ce Inna bizar ziyara gare ta. Ya ce gidan nan ba namu ba ne. Duk na yarda da shi. Amma duk sanda na je ɗaukar kifi sai na haɗu da hoton nan mai riga kore. Na kasa cin abinci, har nonona ya fara ja baya.

Washegari da hantsi Inna ta ɗauki jaririya za ta yi mata wanka, don fushinta bai shafi jikarta ba. Na zauna a gefe ina riƙe da tawul. Ban dubi Inna ba. Yarinyar na duba, na kama ɗan ƙafarta.

"Ke 'yar nan," na ce, "kin san kakarki ta warkar da hannun angonta? Kowa ya gani. To ki gaya mata mutanen ƙasar nan ba su san alheri ba. Sun ce duk wanda ya sha abin da ba su san sunansa ba, korarsa za su yi. Babansa kuma ya yi fasfo yana jira."

Inna ta ci gaba da cuɗa bayan yarinyar. Na ji kamar in tashi in gudu. Sai da ta ɗauraye ta tas, sannan ta yi magana, ita ma ba ni ta duba ba.

"Ke mai sunan manya, ki tambayi uwarki, korar ta gaske ce ko irin tsoronta ne na kullum?"

"Ki ce mata ta gaske ce. Sun riga sun karɓi fitsarinsa."

Hannun Inna ya tsaya. Ta miƙo mini yarinyar a jiƙe, ta goge hannu a zaninta, ta buɗe jakar da ta ninke kaya a ciki. Ta fito da ƙulli biyu. Ɗaya a tsumma, ta ce wannan ita ta daka da hannunta, citta ce da kanumfari da masoro da sassaƙe. Ɗaya a farar leda ba rubutu, ta ce wannan na mai lasifika ne.

"Ki gaya wa uwarki duka biyun na zuba," in ji ta. "Na farkon shi kaɗai bai yi ba."

Ita ta hau gaba a matattakala, maigidana na binta, ni a baya rungume da yarinyar. Mai jifa na zaune yana jiran kununsa. Inna ta ajiye ƙullin biyu a gabansa, ta ce wa ɗanta, "Fassara, kuma kar ka rage." Maigidana ya fassara. Da farko yaron ya yi 'yar dariya, yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya ko wasa ne. Sai dariyar ta mutu. Fuskarsa ta yi fari fat, har ɗigo-ɗigon da ke hancinsa suka fito. Maman sama ta zauna a kujera ba tare da ta duba ba. Ya kwance ledar, ya shinshina, ya ɗaure. Ni dai jira nake ya daka tsawa, ko ya ɗauki waya ya kira hukuma. Na matse yarinyar har ta yi ƙara.

A hankali ya yi magana, har ni na tsinci wasu kalmomin. Ya ce idan ya kai garin nan wa likitan kulob yanzu, kafin sakamako ya fito, yana da abin faɗa. Idan ya jira sai an kama shi, ba mai saurarensa. Amma idan ya kai, abin da za a fara tambayarsa shi ne, me ya sa tsohuwa ta ba ka maganin ciwo? Sai ya miƙe hannun dama a kan tebur. Bai miƙe duka ba, ya tsaya a lanƙwashe. Ya ce tun farkon zafi yake ɓoye musu ciwon, don da sun sani hoton cikin hannun za su ɗauka a asibiti, da sun ɗauki hoto kuma shi ke nan.

Maigidana ya fassara wa Inna. Ta ce, "To ya zai yi?"

Mai jifa ya janye hannunsa daga kan tebur. Ya dubi firiza, ya dubi ƙullin. Sannan ya tashi ya ɗauko ledar da ake saka burodi, ya zuba su biyun a ciki. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa maigidana ya gaya wa amaryarsa, wato Inna, ba ya fushi, kuma ba zai ambaci sunan kowa ba, zai ce wata kaka ce mai son sa. Inna ta juya baya tana gyara tukwanen da ba su buƙatar gyara.

Jiran ya yi tsawo. An hana shi jifa har a ga abin da zai fito. Kullum yana zuwa fili ya dawo, ba fito ba raha. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa ta ƙaramar tagar ɗakinmu, wadda ƙafafun mutane kawai ake gani. Inna ta mayar da jakarta ƙarƙashin gado, ta ƙara tsawon sallolinta. Kunu ta ci gaba da damawa, fari sol, ta ajiye masa. Wani lokaci ya sha, wani lokaci ya huce a wurin.

Sakamakon fitsarin ya fito ba komai. Garin mai lasifika kuwa an samu dakakkiyar ƙwayar kashe zafi a ciki, amma ba irin wadda suka haramta ba ce. Da Maman sama ta sauko ta gaya mana, na durƙusa a ƙasa ina hamdala. Sai na ga ita ba ta murna. Ta ce sun ɗauki hoton hannun. Jijiyar gwiwar hannun ta yage. Likita ya ce da ma ta fara, amma kwanakin da ya daina jin zafi yana jifa da ƙarfi su suka ƙarasa ta. Sai an yi aiki, kuma zai fi shekara bai jefa ƙwallo ba.

Maigidana ya so ya rage wannan a fassara. Inna ta gane daga fuskarsa, ta ce ya faɗa mata duka. Ya faɗa. Ranar ba ta ci abinci ba.

Da zai tafi, ya cire hoton daga jikin firiza, ya bar mana ƙanƙararsa. Ya sauko har ɗakin ƙasa, yana sunkuyar da kai saboda silin. Inna ta kama hannun nan da hannayenta biyu ta yi addu'a mai tsawo ta tofa. Ya tsaya shiru har ta gama, ya ce amin yadda ya ji muna cewa. Sai ta ce a gaya masa ta sake shi, ya je ya nemi yarinya, ita ba ta zama da miji mai hannu ɗaya. Ya yi dariya, idonsa ya yi ja. Gasar shekarar an yi ta ba shi. Ban san abin da babansa ya yi da fasfon ba, kuma ban iya tambaya ba.

Maman sama ce ke ba mu labarinsa daga baya, gutsure-gutsure. An yi aikin. Kulob ɗin ya sallame shi tun bai gama warkewa ba. Ya yi wasa a gida, ya dawo ƙasar nan wani ƙaramin kulob da ba ya ƙarƙashin manya, ya je wata ƙasa a Turai. Ajin manya dai bai kai ba. Mu ma mun tashi daga gidan mun koma Lanham da na samu ciki na biyu.

Yarinyar nan ta fara zuwa makaranta lokacin da Maman sama ta turo mini wani ɗan bidiyo. Fili ne babba, cike da mutane, rubutun allunan ba na Turanci ba. Ga shi nan kan tudu, ya ƙara jiki, ya tara gemu, sanye da kore da ruwan ɗorawa. Ta ce a tsakiyar wasa aka sako shi, mutum kaɗan ya jefa wa aka canza shi. Na kalla, na mayar baya, na sake kalla. Ni ba ƙwallon nake kallo ba, gwiwar hannun nake kallo, ko tana miƙewa. Akwai dogon tabo a cikinta, ana ganinsa idan ya ɗaga hannu.

Na tura wa ƙanwar maigidana a Kano ta nuna wa Inna. Da yamma sai ga saƙon murya. Inna ta tsufa, muryarta ta yi ƙasa. Ba ta gaishe ni ba ma, ta ce, "Ke, wannan farin mutumin mai hula da aka nuno yana share ido, shi ne uban?" Na koma na duba, ban lura da shi ba sai da ta faɗa. Na tambayi Maman sama, ta ce shi ne.